Kwamfutar da Ba a Kwashe Ba

Jama'a, ranar Talata awa huɗu na yi a layin gidan mai, rungume da jarka kamar jariri. Ba don babur ɗina ba, shi ya saba da turi. Makarantar su 'yata Auta ce ta ce kowane uba ya kawo lita biyu, za a tayar da janareto ranar da Mai Girma Babban Baƙo zai buɗe sashen kwamfuta a laburare.

Wata uku ke nan ana koya musu abin da suke kira kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. Kwamfutocin kuwa sai ana gab da taron aka kawo su guda goma cikin ledarsu, an hana taɓawa sai Mai Girma ya sa albarka. Malamar laburare, baiwar Allah, tuni ta zana wa yaran madannan kwamfuta a jikin kwali. Auta ta cika shafi biyu da umarnin wani ɗan mutum na cikin kwamfuta da zai zagaya ɗaki ya fita ta ƙofa. Burinta ɗaya tak: ta ga ko zai fita.

Maƙwabcina mai faci ya ce, "Malam, ka zuba man nan a babur ɗinka ka huta." Na ce masa ba shi da kishin ci gaba.

Ranar taro aka zaunar da Auta a gaban kwamfuta. Ashe soket ɗaya ne a laburaren, shi ma an ba lasifika. Gaskiya dole a yaba, man da na kawo bai tafi a banza ba: har bakin titi ana jin Mai Girma yana cewa yaranmu sun shiga zamani.

Auta ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a kunna mana."

Wani mai ƙaton fayil ya sunkuyo. "'Yan mata, ɗora yatsunki kawai, ki yi murmushi."

Aka ɗauki hoto. Ba a gama tafi ba na ga ana loda kwamfutoci a mota. Na tambayi direba ina zuwa, ya ce, "Baba, gobe akwai buɗewa a wata makarantar. Taku ce ta shida."

Raina ya ɓaci matuƙa. Abin da ya fi yi min ciwo, yarinyar ba ta ko yi kuka ba, littafinta kawai ta rungume har gida.

Muna shiga tsakar gida na ce, "Karanto min. Yau ni ne kwamfutar."

Ta harare ni, sannan ta buɗe. "Taku uku gaba. Juya dama. Taku biyu." Na bi tiryan-tiryan, ban ƙara ko ɗaya daga kaina ba, har na yi karo da randa, ruwa ya wanke min wando. Uwarta ta fito tana salati.

Auta ta daka tsalle. "Layi na bakwai! Hagu ne, ba dama ba!" Ta goge, ta gyara, muka sake. Wannan karon na fita ta ƙofa lafiya, ita kuwa tana ihu kamar ta ci jarrabawa.

Yanzu yaran layinmu har layi suke yi a kaina da littattafansu. Idan Mai Girma yana so ya buɗe ni, bismilla, ya zo da mai hoto. Motar dai a bar ta a gida.