Burodin Baba Sambo

A wani ƙauye an yi wani mutum, Nomau, da matarsa Ladingo. Ba ya sata, ba ya ƙarya, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mahaifin Ladingo, Baba Sambo, tsoho ne a wani gari can gaba. Haƙoransa sun zube, ba abin da yake iya ci sai burodi mai laushi da shayi. Dama can bai so auren nan ba, kuma Ladingo ta sani.

Wata rana ta sayo burodi ta ba mijinta. Ta ce, "Maigida, ka kai wa Baba. Kada iska ta taɓa shi, bushewa zai yi." Nomau ya hau bayan akori-kura, ya ji iska ta ko'ina, sai ya zauna a kan burodin har gari. Ya miƙa wa surukinsa abu kamar faifai. Tsoho ya juya shi, ya ce, "Ka gaida gida." Da labari ya iso, Ladingo ta kasa fita ɗiban ruwa don kunya.

Wata rana kuma ta ce, "Kada ka danne shi. In ka isa, ka ajiye shi wuri mai sanyi." Ya isa, ya duba gidan kaf, bai ga inda ya kai randa sanyi ba, sai ya tsoma shi a ciki. Ran nan da jiƙon burodi surukarsa Inna Tabawa ta yi alwala. Tsoho ya kwana da shayi zalla.

Wata rana, da takaici ya ishi Ladingo, ta ce, "Don Allah ka riƙe shi kamar jariri." Nomau ya naɗe shi a zane mai tsabta, ya lulluɓa tawul, ya rungume, ya ɗaga lema. Direba ya tausaya, ya ba shi gidan gaba. Wata mata ta ce a buɗe ta ga fuska, ya ce ba a so iska ta taɓa shi. Inna Tabawa na hango shi ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida ana barka. Aka warware zane a gaban kowa.

Washegari Inna ta zo da kanta. Ladingo ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana jiran a ce ta haɗa kayanta.

Inna ta ce, "Kin sa na yi wa burodi guɗa da furfurata. Amma babanki ya cinye tas, laushinsa kamar yanzu aka fito da shi daga wuta. Ya ce daga yau mijinki kaɗai zai riƙa kawowa, kuma a haka."

Ladingo ta ce, "Da lemar, Inna?"

"Da lemar."

Nomau ya leƙo daga zaure ya ce, "Kuma bai yi kuka ba ko sau ɗaya."

Haka Ladingo ta ci gaba da wanke zanen duk mako, kanta a sunkuye.