Yadda Na Karya wa Unguwar Surukaina Azumi

Ba zan taɓa mantawa da azumin da ya faɗo a farkon damina ba, shekarar da na shayar da unguwa guda ruwa rana na sama, da muryata, ta lasifika, a ƙofar gidan surukina. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji wata gajiya ta sauko mini tun daga wuya, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Karaye (kwamfutocin namu a allo muke zana su da alli, amma wannan wani zancen ne daban). Da yamma ina zama a ɗan shago ina gyaran waya da rediyo, shi ya sa ake ce mini Injiniya. Ban karanci injiniyanci ba, ban kuma taɓa hana kowa kirana da sunan ba. Matata Hajara 'yar wani ƙauye ce a yankin Beli, can ƙasar Rogo. Mahaifinta, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ne limamin unguwarsu, shi ke tafsiri da azumi. Mutum ne mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa ban san ko ina burge shi ba, ko haƙuri kawai yake yi da ni. Wannan rashin sanin shi ya kai ni ya baro.

Ana saura kwanaki a ga wata, Hajara ta ba ni labari cikin raha cewa ladaninsu, Malam Sale, tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, agogon bangon masallacin kuma sai ya ga dama yake tafiya. Bara, in ji ta, sai da aka riƙa tura mutum ya leƙa masa rana. Ita dariya take yi. Ni kuwa a take na hango kaina zaune kusa da Malam surukina, ana nuna ni ana cewa ai mijin Hajara ne.

Ina da wata ƙaramar kwamfuta da na saya a Kano, allo ɗaya ne tsirara, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Tana iya abubuwa da yawa, amma tana da nakasa guda: ba ta riƙe lokaci. Idan aka kashe ta aka kunna, farkawa take yi ba ta san ko yau wace rana ba ce, sai ta tambayi intanet. A ƙauyen surukaina kuwa sabis sai ka hau tudun bayan makabarta ka ɗaga hannu. Maganin wannan shi ne wani ɗan agogo da ake sayarwa daban, mai batiri kamar maɓallin riga. Ana maƙala shi a jikin allon, yana ta ƙirga lokaci ko da babu wuta, sai ka rubuta wa kwamfutar umarni cewa duk lokacin da ta farka ta fara tambayarsa ƙarfe nawa.

Na maƙala, na rubuta umarnin, na zuba mata jadawalin faɗuwar rana na watan gaba ɗaya, don kullum lokacin shan ruwa ya yi ta sanar a lasifikar masallaci. Sannan na duba wayata na saita ɗan agogon da hannuna daidai da lokacinmu. A nan na yi kuskuren, kuma bari in faɗe shi tun yanzu in huta. Ita kwamfutar ɗauka take yi duk abin da ke cikin ɗan agogon lokacin duniya ne, wanda mu a Najeriya muke gaba da shi da awa ɗaya, sai ta ƙara awar da kanta. Ni kuma na riga na ba shi lokacinmu. Ke nan duk ranar da ta dogara da shi, za ta yi gaba da awa guda. (Wannan darasin, wallahi, ina koyar da shi a aji. Har jarrabawa na sha yi a kansa, na kuma kayar da 'ya'yan mutane.)

Abin bai nuna ba saboda a shago kullum tana jone da intanet ɗin wayata, can take samun lokaci, ba ta taɓa buƙatar ɗan agogon ba. Ban kashe ta na kunna babu intanet na gani ba. Lokacina duk ya tafi wajen ɗaukar murya. Na rufe shago na yi ta maimaitawa har sai da na ji na yi kama da mai karanta labarai a rediyo: "Assalamu alaikum jama'a. Lokacin shan ruwa ya yi. Malam Sale, a kira salla."

Ranar da na kai ta, na durƙusa na gaida Malam, na yi bayani mai tsawo. Ya saurara har na gama, ya dubi allon ya ce, "Ba dai ita za ta kira mana salla ba?"

Na ce, "A'a Baba, tuni kawai za ta yi. Kiran salla na Malam Sale ne."

Ya ce, "To. Allah ya sa albarka."

Na haɗa ta da batirin sola na masallaci da lasifika. Ranar ma, da yake an yi sa'a sabis ya leƙo, ta sha lokaci daga wayata ta zauna daidai. Tun da ba a kashe ta ba, haka ta ci gaba. Goman farko ta wuce lafiya, ta tsakiya ta kama. Labari ya riƙa zuwa mini Karaye cewa har matan cikin gida sun daina leƙen rana, muryar Injiniya suke jira. Na fara tafiya a hankali a kasuwa, kamar mai ɗauke da wani abu a ka.

Sai Malam ya aiko mu je mu sha ruwa a can. Hajara ta riga ni tafiya da yara tun da safe, ni sai da na tashi daga makaranta. Na hau babur ɗin haya cikin rana mai dukan ƙeya, hanya ta jijjiga mini duk abin da ya rage a jiki, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Na isa ana tsakiyar tafsiri, leɓena ya bushe, wayata ta mutu. Na lallaɓa ɗakin da aka ajiye batirin, na ga soket ɗin duk a cike. Na zare wata waya na soka cajata, sai na lura ashe ta kwamfutar na zare. Na nemo wani gurbi na mayar da ita, 'yar fitilarta ta kawo, na ce a raina ai shi ya sa na saka mata ɗan agogo. Na bar wayata a can na fito ina jin daɗin kaina.

Kafin a shafa fatiha hadarin ya rufe sama ruf. Gari ya yi duhu kamar an kife kwano, iska ta taso, kaji suka fara shiga akurki. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar masallaci, aka fara fito da kunun tsamiya da ƙosai da dabino, da ruwan randa a manyan kofuna. Aka zaunar da ni kusa da Malam, daidai inda na hango kaina tun farko. Idona na kan wani kofin silba da ke zufa.

Sai lasifika ta yi ƙara, na ji ni: "Assalamu alaikum jama'a. Lokacin shan ruwa ya yi."

Hannuwa suka miƙa. Wani dattijo da ake kira Alhaji Bala, mai sayen gyaɗa, ya ɗaga hannunsa ya ƙura wa agogonsa ido ya ce, "Kai, anya? Ni a nan ko shida ba ta yi ba."

Wasu suka tsaya da dabino a hannu, wasu suka fara laluben waya a aljihu. Da na yi shiru, da a nan abin ya tsaya. Amma a gaban surukina aka taɓa na'urata, ga kuma ƙishirwa. Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko na ce, "Alhaji, agogon hannu yana yin latti. Wannan kuwa lissafi ne, ba ta kuskure. Duba gari ma ka gani."

Na ɗauki kofin nan na yi bisimilla na kafa kai. Ban sauke ba sai da na ga gindinsa.

Ganin mai na'ura ya sha, kowa ya sha. Malam Sale ya kama bango ya miƙe ya kira salla da iya ƙarfinsa, cikin gidaje aka ji ƙarar kwanuka. Malam ya ɗan jima da dabino a hannu yana duban sama, sannan ya dube ni, ya kai bakinsa. Wannan duban shi ne abin da ya fi tsaya mini. Yarda ce ya yi da ni, irin wadda na shekara ina nema.

Muna cikin cin ƙosai iska ta kora hadarin ta yi kudu da shi, ko ɗigo bai sauke ba. Sai wani haske ja ya shimfiɗo cikin rumfar, ya hau tabarmi, ya hau kwanon kunu, ya hau fuskokin mutane. Muka juya gaba ɗaya. Ga rana can a saman bishiyar kuka, ƙatuwa, zagayayya, ko niyyar faɗuwa ba ta fara ba.

Akwai rabin ƙosai a bakina, na rasa yadda zan yi da shi: in haɗiye, haram, in tofar, a gaban suruki. Haka na zauna da kumatu a kumbure. Alhaji Bala ya sake ɗaga hannu ya duba agogonsa a hankali, yadda kowa zai gani. Daga cikin gida na jiyo muryar surukata tana salati, wata kuma tana cewa, "Ke Hajara, ba muryar mijinki ba ce?"

Malam ya ajiye ƙwallon dabinon a gefe, ya goge hannu. Ya ce a sanar a lasifika kowa ya kame bakinsa har rana ta faɗi, babu zunubi a kan wanda ya sha bisa kuskure, amma kowa zai rama yini ɗaya bayan salla. Sannan ya juyo wajena, ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ce, "Injiniya, tunda muryarka suka sani, kai za ka faɗa musu."

Na fita bayan rumfa na zubar da abin da ke bakina, na dawo na karɓi makirfo. Muryar rediyon nan ta gudu. Da wata siririyar murya na shaida wa unguwa guda, maza da mata, tsofaffi da masu aikin gona tun asuba, cewa ruwan da suka sha ba shi ba ne, su dakata. Daga nan muka zauna muna kallon kunu yana hucewa. Awa ɗaya ce, amma na yi shekaru a cikinta. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi ciwo ke nan. Sai dai wani ya zo wucewa ya ce, "Sannu Injiniya, ya ƙoƙari?"

Da rana ta faɗi da gaske, Malam Sale ya sake kiran salla, karo na biyu a yini ɗaya. Kafin ya fara sai da ya tambaya da ƙarfi, "To, wannan karon ta faɗi, ko a tambayi na'ura?"

Washegari muka kama hanyar komawa, har muka wuce rabi. Sannan Hajara ta ce, "Abban Ummi, Inna ta ce in gaya maka kada ka damu. Ta ce dama kunun jiya bai yi tsami ba, ka ba ta damar gyarawa." Ta juya fuska tana kallon gonaki, kafaɗunta na rawa don dariya.

Gyaran bai ɗauke ni komai ba, layi ɗaya ne. Na mayar da ɗan agogon kan lokacin duniya, na kashe na kunna, na kashe na kunna, har na gaji, kullum daidai. Na aika wa Malam cewa ta gyaru. Ya aiko da godiya, ya ce a bar ta ta huta tukuna. Tana hutawa har yanzu, a cikin wata ledar shinkafa a saman durowar shagona.

Bayan salla unguwar ta zaɓi wata Alhamis suka rama tare, aka kuma aiko mini in zo, wai ba a yin biki babu ango. Na je. A can na ji sunan da suka sa wa ranar, azumin Injiniya. Da yamma ta yi Malam ya sa aka kai mini kujera bakin hanya, inda ake ganin yamma sosai, ya ce in zauna in kalli rana, idan ta ɓace in zo in faɗa da bakina. Na zauna ina kallonta tana sauka a hankali, masu dawowa daga gona suna yi mini sannu da aiki. Da ta ɓace ma sai da na ƙara jira, har Malam Sale ya aiko a tambaya ko na yi barci ne.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne, na gaji da neman mai zurfi. Duk abin da ka haɗa da hannunka, ka zare masa wuta ka mayar tun a shagonka, inda ba kowa sai kai da kunyarka. Idan kuma dattijo ya ce agogonsa bai yarda ba, ka ajiye kofin, ka bari wani ya fara sha.