Saurayin Kaka Na Kan Rufi

"Lafiya lau, lafiya lau. Matsa gefe, ka tare mini ambaliya."

Amsar da na samu ke nan daga Kaka, ban ma rufe baki daga gaisuwa ba. Mama ce ta taso ni daga shagon ɗinkina da kular shinkafa da maganin hawan jini. Ta ce tun jiya tsohuwar nan ba ta sa komai a ciki ba, tana can tana kallon ruwa yana cin wata ƙasa a talabijin, ga shi likita ya ce kada a sha maganin ba a ci abinci ba, kada kuma a tsallake. Ni aka zaɓa don duk gidan ni kaɗai nake faɗa mata baƙar magana in kwana lafiya. Na same ta a kan kujerar roba, hancinta kamar zai taɓa gilashin.

"Amarya, ashe kin yi saurayi ban sani ba?"

"Na yi. Ga shi can kan rufi, mai jar riga. Ya fi ka tsawo, ya fi ka kunya."

Na duba. Ruwa ya shanye gari kakaf, sai rufin gida ɗaya, da wani mutum a kai yana ɗaga hannu.

"Tun jiya da hantsi yake nan, bawan Allah, ba ci ba sha," in ji ta.

"Ci dai. Sha kam ai ga shi nan har wuya."

"Allah ya shirye ka. Ni dai loma ba za ta shiga bakina ba sai an sauko da shi."

"Haba tsohuwa, hoton jiya ne suke maimaitawa."

"Ƙarya kake! Da kunnena na ji mai labarai ya daka masa tsawa, ya ce, 'Kai, tsaye!' Tun lokacin bai zauna ba."

"Kai tsaye ya ce! Wato abin da ke faruwa yanzu-yanzu suke nunawa."

"To ka ji. Da bakinka ka ce yanzu ne. Ina maimaitawar?"

Ni da karatuna da almakashina, tsohuwa mai haƙori huɗu ta ɗaure ni da bakina.

"Gada goma sha ɗaya ta karye a gabana yau," ta ci gaba.

"Gada ɗaya ce."

"Goma sha ɗaya. Kowacce da farar mota a kai."

"Kuma bai ba ki mamaki ba, duk ƙasar farar mota suke saye?"

"Mutanen kirki ne masu tsafta. Ba irinka ba, da ka je neman aure 'yan gidan suka ɗauka ka zo kwashe shara."

"Ke da aka ce ranar aurenki Kakanmu ya ɗaga mayafi ya nemi a kira masa likita?"

"Suma ya yi don kyau. Kai ko a mafarki aka yi maka suma?"

Na ga in na biye mata sai shinkafar nan ta huce, ga idanunta sun faɗa. Gaskiya na ji tsoro. Sai na ce bari in kashe maganar da hujja.

"Ki saurara. Saurayin naki an ɗauke shi da jirgi jiya ƙarfe huɗu da kwata. Malamin makaranta ne, 'ya'yansa uku, matarsa na asibiti amma da sauƙi. Akuyarsa ma an ciro ta daga kan bishiya."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni sosai.

"Kai a gidan uban wa ka san duk wannan?"

"Ai... mutane ne suke faɗa a shago."

"Mutane? Ba kai ne maƙwabcina ya kai wa ɗinkin riga, ka ɗinke wuyan ruf, ya rasa ta inda zai fitar da kai ba?"

"Sabon yayi ne."

"Ya ce waya na kan keke, idonka na kan waya, ƙafarka na ta taka banza."

Ba ta yi ƙarya ba. Kwana uku ke nan ina bin ambaliyar nan kamar ni aka ba kwangilar kwashe ruwan. Ko sunan ƙasar ban iya faɗa daidai ba, amma na san unguwar da ta nutse da wadda ta tsira. Har banɗaki da wayar nake shiga.

"To malam masani," ta ce, "tunda ka san akuyar mutane, faɗa mini, wace ƙafa ce tawa take ciwo?"

"Ƙafa kuma?"

Ta ɗage zani kaɗan. Idon sawunta na hagu a naɗe da bandeji.

"Sati biyu da na zame a bakin famfo. Na yi ta ɗaga hannu ni ma, ba mai hoto."

"Kaka, wallahi ban ji ba."

"Ina za ka ji? Ba a nuna ba."

Kunya ta rufe ni. Na lissafa a zuci, wata biyu cur ban tako ɗakin nan ba, alhali daga shagona tafiyar minti goma ce.

"Kuma ka ɗauka ban san maimaitawa suke yi ba?" in ji ta. "Tun karyewa ta uku na gane motar. Na ga dai a zamanin nan sai ruwa ya ci mutum ake kallonsa. Na ce to, ba ni da ruwa, bari in gwada yunwa."

"Kenan duk wannan tashin hankali..."

"Ya yi aiki ko bai yi ba? Ga ka nan da ƙaton kanka."

Dariya ta kama ni. Na ciro wayar na kashe, na ɗora mata a cinya.

"Na sallama, Amarya. Riƙe wannan, taki ce har in tashi. Yanzu ki ci, don Allah."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta jawo kular ta buɗe, ta shinshina.

"Uwarka har yau ba ta iya gishiri ba. Miƙo maganin. Ka ɗauko cokula a kan tebur, biyu ne, tun safe na wanke naka."