Eriyar da na sa ta kalli alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na yi wa Baba eriya ba, ko ni na manta, mutanen unguwarmu a Matameye ba za su bari ba.

Tun da idon Baba ya tafi, Inna kuma ta rasu, rediyo ce abokiyar hirarsa. Tashoshin gajeren zango yake bi, ya fi ni sanin abin da ke faruwa a duniya. Sai maƙwabta suka cika gidajensu da kuran, wato wutar lantarki, da cajar waya, rediyon ta koma shuuu kamar ana suyar ƙosai. Baba ya daina kunna ta. Zaurenmu ya yi tsit, shi ma ya yi tsit.

Na ga wani bidiyo (rabinsa na kalla, in faɗi gaskiya) inda aka ce eriya mai zobe tana kashe wannan ƙara. Na samo bututun jan ƙarfe na tsohon firiji, na lanƙwasa zobe wanda jaki zai wuce ta ciki da kayansa, na ɗaura a sanda, na dasa a bokiti da siminti. Ina za ta fuskanta? Na ce ai duk abin alheri gabas yake kallo. Na daidaita fuskarta da alƙibla tsaf.

Na gayyaci jama'a, har da Alhaji Mamman abokin Baba daga Kance. Na sha shadda, na dafa shayi, na yi jawabi. Na haɗa eriyar da rediyon, na kunna.

Ƙarar ta tafi kam. Tashar ma ta bi ta.

Alhaji Mamman ya ce, "Injiniya, ko ba ta idar da salla ba ne?"

Baba ya miƙo hannu, na kai shi ga zoben, ya shafa. Ya ce, "Ɗan nan, da fuska kake ji? Kunne ai a gefe yake. Juya ta."

Na rungumi bokitin, nauyinsa ya kai na buhun gero uku, na yunƙura. Ina juyawa muryar mai labarai ta fito tar, daidai lokacin da tazugena ya tsinke. Wando ya sauka har idon sawu, hannuna biyu na riƙe da siminti. Zaure ya ɗauki dariya.

"Me ake wa dariya?" in ji Baba.

"Murna ce, Baba."

"To madalla. In ka gama murnar, ɗaure wandonka, na ji faɗuwarsa." Ya jawo rediyon ya kwantar a cinyarsa, yana murmushin da rabona da ganinsa tun rasuwar Inna. "Allah ya yi maka albarka. Ku yi shiru, za a karanta kanun labarai."

Daga baya na ƙarasa bidiyon: ta gefe zoben ke ji, gabansa kurma ne. Yanzu kowane bidiyo sai na kai ƙarshe, kuma ba na tara jama'a sai na gwada tazuge.