Ranar da Na Goge wa Shugaba Tsage

Jama'a, ku zo ku yi mini jaje. Jiya Talata da hantsi na je duba sakamakon gwajin sana'a da aka manna a jikin allo, na bi sunaye da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, na sake biyowa daga ƙasa har sama, ban ga Labbo ba. Har takardar na ɗaga na leƙa bayanta ko a can aka ajiye ni. Babu. Mu goma sha biyu muka yi gwajin, goma sha ɗaya suka ci. Kuma a cikinmu kaf, ni kaɗai ne mai kwamfuta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai shagon nan na Badariya, kusa da mai faci. Da can da buroshi da gwangwanin fenti nake rubuta allunan shaguna. Da Allah ya ba mu jiha, ofisoshi suka cika Birnin Kebbi, kowa ya zama mai son kati da kalanda, sai na sayar da gonar albasata na sauko da kwamfuta ta hannu daga Kaduna. Shekara uku ke nan ina tsara katin biki, da sitikar suna, da fostar 'yan takara. Amarya ta shigo da ƙuraje ta fita sumul. Ɗan takara ya shigo da shekara sittin ya fita da arba'in. Ban taɓa jin wanda ya ce ban iya ba, in ka cire surukina, wanda har gobe in zai tambayi matata Zuhura lafiyata sai ya ce, "Ina mai fenti?"

To sai aka yi sanarwa a rediyo cewa daga yanzu ba za a ƙara ba kowa aikin zane na hukuma ba sai mai takardar shaida, kuma an kafa kwamiti mai ƙarfi da zai tantance gwanaye. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau ga ranar da zan rataya takarda mai hatimi a bangon shagona, aikin da ake lodawa a mota a kai Kaduna ya tsaya a Badariya, surukina kuma ya nemo mini wani sunan.

Sau uku ana ɗage gwajin, kuma kowane ɗagi da hujjarsa mai kyau, don shugabanninmu ba sa yin abu da ka. Na farko, Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamiti ya tafi gaisuwar rasuwa. Na biyu, mai ajiyar makulli ya tafi hutu da makullin a aljihu. Na uku, aka buɗe ɗakin ba a tarar da kwamfutar gwajin ba. Ashe Mai Girma Shugaba, saboda tsabar kishin dukiyar jama'a, ya kwashe ta ya kai gidansa na Argungu inda zai riƙa sa mata ido da kansa. Aka ce tunda kwamfuta ba za ta zo ba, mu sai mu je.

Ranar Lahadi na wuni a layin mai, ina tura babur taku ɗaya ina hutawa. A nan maƙwabcina Maigandi ya same ni. Tsohon masinja ne, shekara talatin yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ba abin da bai gani ba.

Ya ce, "Labbo, in kat tahi can, ka zamna baya. Kak ka nuna ka hi su sani."

Na ce, "Haba Baba Maigandi, gwaji fa aka ce. In ban nuna ba, me za su gwada?"

Ya dube ni kamar yadda ake duban akuyar da ta shiga gonar mutane tana murna, ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya."

Litinin da safe muka hallara a falon Shugaba. Aka fara da gwajin rubutu. Tambaya ta ɗaya: zana kwamfuta ka nuna sassanta. Tambaya ta biyu: kawo dalilai biyar da suka sa ake lulluɓe kwamfuta da ƙyalle. Wanda ke kusa da ni, wani Ummaru, tela ne, ƙanin matar wani babba, ya zana tasa har da furanni a gefe, ya kuma kawo dalilai tara. Ni da nake kwana nake tashi da ita, uku na iya haɗawa, na ukun ma ƙarya ce.

Daga nan aka zo gwajin aiki. Sakataren Kwamiti ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya yaye wa kwamfutar wani farin ƙyalle mai aikin hannu kamar ana buɗar kan amarya. Sabuwa dal! Injin ɗaukar hoto da na bugawa ma ko ledarsu ba a cire ba. Wuta kuwa babu, wannan ba sai na faɗa ba. Sakatare ya yi gyaran murya ya ce man janareto na rabin awa ne kawai ya rage, domin sauran an yi amfani da shi wajen wasu muhimman ayyukan kwamiti. Ina kuwa jin ƙarar firijin Shugaba daga ɗaki na gaba. Saboda haka, in ji shi, kwamiti ya yanke shawara mutum ɗaya zai zauna ya yi aikin, sauran a auna su da yadda suka natsu suna kallo. Wa zai fito?

Ku tambaye ni wa ya ɗaga hannu. Har tsaye na miƙe, kada a ce ba a gan ni ba.

Shugaba dattijo ne mai cika ido, Bakabe na asali, da tsagensa reras a kumatu biyu. Ya zura hannu a aljihu ya zaro wani ɗan hoto baƙi da fari, duk ya kakkarce, ya sha lanƙwasa, ya sha zufa. Ya ce, "Ka ɗauka ni na mai kawo aiki. Ka gyara man wanga, ka sa shi bisa kalanda. In gani ko kun iya abin da kuka hwaɗi."

Na haɗa wayoyi, na tayar da kwamfutar, na ɗauki hoton na shigar. Da fuskar Shugaba ta fito a gilashi sai falo ya ɗauki salati. Kaina ya kumbura. Na jawo hoton kusa, na ƙara jawowa, har ya zama ba ka ganin ido ko hanci, sai fata kawai da layuka. Nan fa hannuna ya kama aikin da ya saba. Layin lanƙwasa, na share. Karcen makulli, na share. Tamojin goshi, na share. Ina jin Ummaru a bayana yana cewa "Ikon Allah!" ni kuwa sai ƙara wuta nake yi, ga janareto ya fara tari, ga Sakatare yana duban agogo. Duk layin da na gani a kan fatar nan, sai da na bi shi na lailaye. Na sa masa koren zagaye, na jera watanni a ƙasa, na danna bugawa. Takarda na gama fitowa janareto ya mutu. Na miƙa da hannu biyu, ina jiran tafi.

Shugaba ya sa tabarau. Ya duba. Ya nisanta takardar, ya sake kusantowa. Sannan ya ce, a hankali, "Wanga ɗan wa na?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ne."

Ya ɗora yatsu a kumatunsa ya shafa, kamar mai tabbatar da ba a sace ba. "Ni? Ina tsagena?"

Jama'a, sai a lokacin na dubi abin da na yi. Wani saurayi ne a takardar, kumatu sumul kamar ƙwai, ba ka ce ga garinsu ba, ba ka ce ga gidansu ba. A tsakiyar Argungu, a cikin falonsa, a gaban baƙinsa, na ɗauki Bakabe na goge shi tas. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Abin da wanzami yay yi man ina ɗan kwana bakwai, a gaban ubana, shi kaɗ ɗauka datti na?"

Na buɗe baki in ce a tayar da janareto in mayar, minti biyu ya isa. Sakatare ya ce mai ya ƙare, lokaci ma ya ƙare.

Yanzu fa kada ku ce zan ɗora wa kwamiti wannan. A'a, nawa ne, ni na yi. Kakana na wajen uwa da irin wannan tsagen ya koma ga Allah, a kan cinyarsa na koyi ƙirga ina bin layukan da yatsa. Mutumin kuma yana zaune a gabana, taku uku tsakaninmu, ban ɗaga kai na dube shi ba ko sau ɗaya. Shekara uku ina lailaye fuskokin mutane har na daina ganin mutum, sai tabo. Wannan ya fi faɗuwar yi mini ciwo, kuma da ciwon na tuƙo babur har gida.

Amma ku bar ni in yaba wa kwamiti a kan adalci. Da na tambayi Sakatare jiya a bakin allo yadda aka yi goma sha ɗaya suka ci gwajin aiki alhali ko taɓa kwamfutar ba su yi ba, sai ya buɗe fayil ya nuna mini. Ya ce, "Malam Labbo, duba da kanka. Akwai wanda ya yi kuskure ko ɗaya a cikinsu?" Na duba. Wallahi babu. Irin wannan hikima ba a makaranta ake koyonta ba, sai an daɗe a ofis.

Na dawo shago na tarar da Maigandi a kan benci. Bai ce ai na gaya maka ba. Goro kawai ya ɓara ya miƙo mini babban ɓarin, wanda ya fi zagi zafi.

Ana idar da sallar la'asar sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar shagona. Sakatare ne, har da sallama mai tsawo da tambayar iyali. Ya ce saƙo biyu ne. Na farko daga Shugaba, kuma ba a son ya fita: a mayar masa da tsagensa ɗaya bayan ɗaya, kada a rage ko guda, amma tamojin goshin nan da na cire, a bar shi a cire. Kalanda ɗari biyu yake so.

Na biyun kuma na kwamiti ne. Ana buƙatar a tsara takardar shaidar da za a raba wa waɗanda suka ci, mai zagayen ruwan zinare da gurbin hatimi. An kai wa Ummaru, tunda shi ya zo na ɗaya, ya ce shi dai in ɗinka mata riga ake so yana nan. An zagaya sauran goman, kowa ya ce a zo wurina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai doka ta hana a ba marar takarda aikin hukuma."

Ya ce, "Shi ya sa da sunan Ummaru za a rubuta. Kai dai yi kawai."

Na yi, mana. Wa zai ƙi? Yau tun safe nake zaune ina buga wa mutum goma sha ɗaya shaidar cewa sun fi ni iya abin da nake yi musu, ina gyara wa kowa sunansa ya zauna daidai a tsakiya. Ta yi kyau ƙwarai, ba don ni na yi ba. Sakatare kuma, da yake mutum ne mai tsoron ɓarna, takarda goma sha biyu ya kawo, wai ko ɗaya za ta lalace. Ba wadda ta lalace.

Da Zuhura ta kawo mini abincin rana ta ga ta sha biyun a kan tebur, da zagayenta na zinare, gurbin suna fari fat. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce ranar Juma'a babanta zai shigo gari, kuma ya ce zai biyo ta shago. Daga nan ta kwashi kwanukanta ta fita.

Ni dai ban ce na yi komai ba. Amma in kun shigo shagona kuka ga wani abu mai zagayen zinare a cikin gilashi can sama kusa da silin, ku yi mini barka daga bakin ƙofa. Kada wanda ya jawo shi kusa, don ni na san abin da jawo abu kusa yake jawowa.