Man Gyaɗa a Faifan Luba

"Gajiya ta bi lafiya, sai dai zafi," in ji Hayatu, yana neman wurin zama a tsakar gidan Luba. "Na ji an ce zoɓonki ya koma shayi, shi ya sa na zo jaje."

Luba taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa. Shekara uku, duk unguwarsu a Gummi ita kaɗai ke sayar da zoɓo mai sanyi. Faifan sola huɗu gare ta bisa rufi. Hayatu biyu kacal ya sa bana, amma firizarsa har dutse take yi, ta Luba kuwa ko raɓa babu. Masu saye sun koma shagonsa. Ga sunan jikarta jibi, ta riga ta cika baki cewa ba mai shan ɗumi a gidanta.

"Bawana, faɗi gaskiya," in ji Luba, "wane boka ka kai wa faifanka?"

"Bokana tsumma da ruwan randa, kullum da sassafe."

Ta ce ƙarya yake, nata ya fi nashi ganin gata. Ya je ya ɗauko tsaninsa, ya jingina ya hau, ya dangwala yatsa a faifan ya shinshina, sai ya riƙe katanga don kar dariya ta kayar da shi.

"Luba, ƙosai kike toyawa nan sama?"

Sai da ya matsa ta faɗa. Wai kullum tana hango nashi yana walƙiya, abin ya tsaya mata a rai, ta shafe nata da man gyaɗa don ya fi ƙyalli. Ƙurar babura da dusar injin niƙa suka bi suka manne, rana ta rasa ta inda za ta shiga.

"Man mai kyau ne, ba irin wanda matarka ke ɗiga maka da cokali ba," in ji ta.

"Saura ƙuli da yaji, mu kira mahauta su yanka kilishi."

Ya ce zai wanke mata tas, kafin jibi firiza ta kama, amma sai ta furta da bakinta cewa ƙanƙararsa ta fi. Ta ce gara a sha da zafi. Ya sauko, ya saɓa tsaninsa, ya nufi zaure.

Luba ta hango a ranta surukan da za su zo suna daga Bukkuyum riƙe da kofin zoɓo mai ɗumi, suna duban juna. Dariya ta ƙwace mata, ta tura masa bokiti da sabulu.

"Ta fi, mugu. Hau ka wanke. In matarka ta ji, rantsewa zan yi ban faɗa ba."