Jakin Bangon Sito

Ba zan taɓa mantawa da cutar da Lawali ya yi mini ba, ko da zan manta sunana. Da hannuna ya sa na rubuta wa duk Magariya cewa ni jaki ne, kuma da manyan baƙaƙe.

Lawali taubashina ne, ɗan kawuna. Tare aka sa mu lekol, makarantar boko. Shi ya wuce Damagaram karatu har ya dawo ya zama komi, wato akawu, a wani biro, ofis ke nan, ni kuwa aji huɗu na yi aka sallame ni, don kayena, littafin rubutuna, duk zane ne, babu lissafi. Daga nan na koma bangon mutane. Gawayi, farar ƙasa, shuni, jar ƙasa da na kwaɓa da ƙaro, sai asuwaki da nake taunawa ya zama buroshi. An kore ni daga bango ya fi a ƙirga (wata tsohuwa har da muciya ta biyo ni), amma ban daina ba.

Burina ɗaya ne a lokacin, bayan shekarun fari: wani Alhaji mai kamiyo uku, manyan motocin kaya, da ke zirga-zirgar Kano ya ɗauke ni in riƙa yi wa motocinsa zane. An ce yana neman mai hannu. Na ce to, maimakon in je roƙo, bari in yi abin da zai gani da idonsa. Akwai wani tsohon siton gyaɗa kusa da tasha, ba kowa a ciki tunda gyaɗa ta mutu, bangonsa fes.

Kowa zaki yake zanawa, alhali ba wanda ya taɓa ganin zaki. Ni na ce abin da na sani zan yi. Na zana jakin babana na ƙauyenmu Yekuwa, ya fi mutum tsayi, da haƙarƙarinsa, da gyambon mangala a baya, da kunne ɗaya a karye, da wannan kallon na wanda duniya ta isa. Kwana uku ina yi da tsakar rana. Har yau ban yi abin da ya kai shi kyau ba, wannan kam ba na ja da kowa.

Saura sa hannu. Ina so a san ni mai zanen mota ne, kuma da Faransanci, don a ga ba ƙauye na fito jiya ba. Na sami Lawali na tambaye shi kalmar. Bai ko yi murmushi ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta AUTOPORTRAIT. Ya ce in duba da kyau, ai na san oto mota ce, sauran kuma zane ne, sai in bi da sunana. Na duba, ga oto nan ƙiri-ƙiri. Har godiya na yi masa (Allah ya yafe mini). Na je na kwafe kalmar a ƙarƙashin jakin, na bi da sunana.

Ranar kasuwa na sa rigar Sallata na tsaya gefen jakin, ina harɗe da hannu. Mutane suka taru suna yabawa. Sai ga Alhaji da yaran motarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce wannan jakin kamar ya yi kuka. Zuciyata ta yi fari.

Shi ke nan sai ga mushen nan, wato malamin da ya kore ni daga lekol, a kan kekensa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Sai ya sauka ya jingine keken, ya dafa bango, dariya ta hana shi magana. Alhaji ya tambaye shi abin da aka rubuta.

"Alhaji, cewa ya yi wannan hotonsa ne, shi ya zana kansa da kansa."

Kafin in buɗe baki in ce oto mota ce, sai Alhaji ya dubi bango, ya dubi kunnuwana, ya ce, "To, ai bai yi ƙarya da yawa ba." Tasha ta ɗauka. Wani kwandasta ya fara kukan jaki, sauran suka amsa. Ni dai ina tsaye cikin rigar Salla, na ma manta ana gudu.

Aikin bai samu ba. Alhaji ya aiko cewa hannuna yana da kyau, amma ba zai ba da motarsa ga wanda ke rubuta abin da bai sani ba, kada wata rana a tsare masa ita a kan iyaka. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Na tarar da Lawali a ƙofar biro yana cin gyaɗa. Ya ce haba taubashi, wasa ne, an taɓa fushi da taubashi?

Na ce, "Ba a yi, na sani. Kuma na yarda, wanda ya rubuta abin da bai iya karantawa ba jaki ne. Amma jaki in ya ɗauki kaya gida yake kaiwa. Kai ka ɗauko boko tun daga Damagaram, ka rasa inda za ka sauke shi sai a kaina."